Labbo Ba Ya Shan Iska

Labbo taubashina ne. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara a Argungu nake da izinin faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi kuma ba shi da kotun da zai kai ni. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce Mubina ba ta da kunya. Ina da ita, a kan Labbo ne kawai ba ta aiki.

Gidansu gidan masunta ne. Ubansa da homa da gora ya tsufa, uwarsa kuwa, wato gwaggota, bandar kifi take yi a bayan ɗaki, har ta kai ko rigar Sallah Labbo ya sa, ƙaurin kifi ne ke riga shi yin sallama. Yana yaro ba abin da yake taƙama da shi kamar ƙirjinsa. In ya nutse a kogi, sai abokansa sun fara gardamar wanda zai je ya gaya wa gwaggo, sannan kansa ya ɓullo can gaba yana dariya. Kowa ya ɗauka iyayensa zai gada. Sai wata rana aka aike shi kai kifi kasuwa, ya ga injin ban-ruwa a gonar wani mai albasa, ya ajiye kwando ya tsaya kallo. Kifin nan bai ga kasuwa ba, Labbo kuma ya sha dukan da har yau in an tuna masa sai ya shafa baya. Amma daga ranar kogi ya rasa shi.

Da noman shinkafar rani ya kankama sai ya tattara ya koma Birnin Kebbi, ya kama gida a Gwadangaji da matarsa Jannatu, kullum yana kan babur zuwa fadamar Ambursa. Shi ba bakaniken da ke warware inji ya baje shi a tabarma ba ne. Aikinsa guda ɗaya ne, hana inji shan iska.

Wanda bai taɓa noman rani ba, bari in yi masa bayani. A fadama ana kafa bututu a ƙasa har ya taɓa ruwa, a haɗa shi da inji ta hanyar tiyo. Kafin a tayar da injin sai an ɗura masa ruwa ya cika maƙil, a ɗaure kowace mahaɗa da roba tamau, a shafe da laka. In aka bar kafa ko da kamar ta allura ce, iska ta shiga, to an gama. Inji zai yi ta ruri, fetur na ƙonewa, bakin tiyo a bushe ƙamas. A nan ne manoma ke cewa inji ya sha iska. A bakin Labbo babu zagin da ya kai wannan. Raggon ma'aikaci, ya sha iska. Mai alkawarin da ba ya cikawa, ya sha iska. Har miyata ya taɓa faɗa wa haka, a gidana, alhali yana kan kwano na biyu.

To mutumin da ya ɗauki iska abokiyar gaba, ina zai fita shan ta da yamma? In ya ga mutane sun fito bakin titi bayan la'asar suna miƙe ƙafa, sai ya girgiza kai don tausayi. "Diba min bayin Allah," yakan ce. "Da gangan suka shan ta."

Idan rani ya yi nisa, ruwan ƙasa yakan ja baya, inji ya kasa kamo shi duk yadda aka ɗaure. Dabarar manoma ita ce a haƙa rami a gindin bututun, a saukar da injin ciki ya matsa kusa da ruwa. Wani ramin iya ƙugu, wani kuwa ya shanye mutum har da hularsa. A cikin irin waɗannan ramuka Labbo ya yi suna. Shi ne zai tuɓe takalmi ya sauka, ya ɗura, ya ɗaure, ya ja igiya, sannan ya tsuguna ya kara kunne a jikin tiyo yana sauraro, salansar injin na fesa masa hayaƙi a fuska, har sai ya ji ruwa ya kama. Hayaƙi a rami ba shi da wurin zuwa, sai ya zauna tare da shi. Labbo zai fito ido jajir, kai na sara, amma ruwa na malala cikin shinkafa, manoma na cewa, "Sai Labbo!" Wannan kalmar ta fi masa tuwo.

Maƙwabcinsa na katanga ɗaya shi ne Cornelius, mutumin Filato da ya zo Birnin Kebbi koyar da kimiyya tun yana saurayi, ya yi ritaya ya ƙi komawa. Matarsa Juliet da Jannatu ta kan katanga suke miƙa wa juna kwano. Mazan kuwa abin da suke miƙa wa juna shi ne gardama, kuma gardamar guda ɗaya ce tun ranar da suka san juna.

"Malam Labbo, injin nan naka ba ya jan ruwa," in ji Cornelius. "Iska ce ke turo shi."

"Ticha, ka ci abinci yau kuwa?"

Cornelius ba ya fushi, shi ya sa ya iya koyarwa. Ya ce iskar nan da muke gani kamar ba komai tana da nauyi. Jibge take a kanmu tun daga nan har can inda jirgin sama ba ya kaiwa, tana danne mutum da dabba da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ba ma jin nauyin ne don a cikinsa aka haife mu. Abin da inji ke yi kawai shi ne ya kwashe abin da ke cikin tiyo, sai nauyin iskar waje ya danno ruwa ya hau ya cike gurbin. Amma nauyin yana da iyaka, shi ya sa ruwan ba ya hawa fiye da tsayin mutum huɗu ko biyar.

"In injin ne ke ja," ya ce, "me ya sa ko kun kawo ƙato ba ya kamo ruwan da ya yi nisa? Me ya sa sai kun haƙa rami?"

Ni da nake zaune da Jannatu muna tsinar zogale na san an kama Labbo. Amma taubashina ba a kama shi a hannu.

"Ruwa dattijo na, Ticha," ya ce. "In yay yi nisa, kai ka tahiya gaishe shi."

Ran nan Cornelius ya shigo da kofin gilashi. Ya cika shi da ruwa, ya rufe bakinsa da ɗan kwali, ya kifa shi, ya janye hannu. Ruwa ya tsaya cak, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ce iskar ƙasa ce ke tallabe da kwalin. Labbo ya leƙa ta ƙasa, ya leƙa ta sama, ya ja da baya kaɗan.

"Ticha, ashe kai ma kana ɗan taɓa siddabaru."

Bayan Cornelius ya fita, Labbo ya ce shi ma zai gwada, don a san babu wani abin mamaki a ciki. Babu kofin gilashi kusa, sai ya ɗauki kofin kununsa. Babu kwali, sai ya ɗauki faifai, wanda ko makaho ya san iska na ratsa shi. Ya kifa, ya janye hannu, daidai saitin tiren zogalen da muka ɓata hantsi muna tsincewa. Abin da Jannatu ta faɗa ba zan rubuta ba. Shi kuwa ya share kunu daga ƙafarsa, ya ce ai ga shi nan, abin da yake faɗa ke nan kullum: iska ba ta da amana, ta yi wa Ticha aiki, shi ta ci amanarsa.

Tarin ya fara ne a hankali. Da farko da safe kawai, daga baya har in ya ɗaga inji, daga baya ko dariya ya yi sai ta ƙare da tari. Ya ce sanyin fadama ne. Jannatu ta dafa citta, ta dafa kanumfari, ta yi magana har ta gaji. Ni ma na yi tawa, na ce masa mutumin da ke kwana ƙarƙashin kogi ga shi yanzu hawa babur na sa shi haki. Ya ce in je in ji da miyata.

Ranar da abin ya faru, a gonar wani manomi ne mai suna Atiku, cikin zafin bazara, a rami mai zurfin gaske. Labbo ya sauka, ya yi abin da ya saba, ruwa ya zo. Mutane suka bi ruwan da gudu suna buɗe masa hanya, kowa na murna, ba wanda ya lura mai aikin bai fito ba. Da Atiku ya dawo ya leƙa, sai ya gan shi zaune ya jingina da bangon rami kamar mai gyangyaɗi. Ya kira, shiru. Aka kashe inji, aka ɗaura masa igiya a hammata, aka jawo shi, aka shimfiɗe shi a fili ana yi masa fifita da hula. Atiku ya rantse mini cewa da Labbo ya buɗe ido, bai tambayi inda yake ba. Cewa ya yi, "Wa yak kashe injin?"

A asibiti ina tsaye a bayan Jannatu lokacin da likitar ta zo. Yarinya ce mai natsuwa, Ni'imatullahi, a shekaru ba ta kai 'yar Labbo ta fari ba. Ta ce a cikin hayaƙin inji akwai wata guba marar launi marar wari, wadda ke shiga jini ta tare wurin iska mai kyau. A fili takan watse, a rami kuwa taruwa take yi, mutum ya ji barci-barci, daga nan sai wani ikon Allah. Ta tambaye shi irin hayaƙin da ya shaƙa a rayuwarsa. Ya ce shi ko taba bai taɓa sha ba. Na ce a rubuta bandar gwaggo, a rubuta salansa, a rubuta tattakar shinkafa da ake ƙonawa bayan girbi yana tsaye a tsakiya yana ba da labari. Ya harare ni.

"Baba, ƙirjinka ya gaji," in ji likita. "Kai da rami kun yi sallama. In ka sake shiga, ban ce za a fito da kai kana magana ba. Ga magani, sannan safe da yamma ka riƙa fita kana shan iska."

Labbo ya tashi zaune. "In sha mi?"

"Iska, Baba."

"Ni?"

Allah ya gani na yi ƙoƙari. Na ciji gefen mayafi, na kalli silin, amma dariyar ta ƙwace, har ma'aikaciyar jinya ta raka ni waje.

Maganin da ake fesawa a baki bai ba shi wahala ba. Ya juya shi, ya duba, ya ce wannan ai ɗuri ne, duk injin kirki yana son ɗuri kafin ya tashi. Amma fita yawo, ko alama. Jannatu ta ƙulle makullin babur a bakin zaninta, ya zauna a zaure kamar wanda aka ɗaure, wayarsa na kuka, yana kallonta yana kallon bango. Na je da niyyar tsokana, na ce, "Yau wa anka hana hita? Tashi mu tai ka sha taka, likita ta ce ba a ƙoshi."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza yatsu, sannan ya ce, "Mubina, ke kin san aikin ga. Abin da dut yas sha iska, nashi ya ƙare. Ruri kawai shika yi."

A nan na gane. Mu duk wasa muka ɗauki maganar, shi kuwa tsoro yake ji, kuma ba tsoron mutuwa ba. Tsoronsa a gan shi a bakin titi yana tafiyar da ba ta kai ruwa gonar kowa.

Cornelius ne ya samo bakin zaren. Bai ambaci iska ba ko sau ɗaya. Ya leƙo ya ce hawan jini ya sa shi gaba, an ce ya riƙa tattaki, ga shi Juliet ba ta yarda ya fita shi kaɗai, ko Malam Labbo zai taimaka ya raka shi? Raka maƙwabci marar lafiya ai aiki ne, har da lada. Labbo ya tashi. Amma sai da ya soka sifana a aljihun gaba, kanta a waje, don duk wanda ya gan shi ya san kiran gaggawa aka yi masa. Haka suke zagaya Gwadangaji, tsofaffi biyu, ɗaya na bayanin yadda hayaƙin janareto da na bola ke taruwa a kan unguwa in iska ta kwanta, ɗaya na cewa ƙarya ne. Wata rana wani mai shayi, da kyakkyawar niyya, ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Malam Labbo, ana shan iska?" Labbo ya juya a kan dugadugansa ya koma gida. Sai da Juliet ta aiko da farfesu kafin a shawo kansa.

Damina ta wuce, ya ɗan yi kumari, tarin ya ragu. Sai rani ya dawo, ya yi nisa, ruwa ya ja baya kamar yadda ya saba. Ran nan da la'asar ina gidan sai ga Atiku da kansa, fuska duk ta faɗa. Shinkafarsa ta ɗauki ciki, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi, inji kuma tun jiya yake shan iska. Duk wanda ya iya ɗaure roba a Ambursa ya gwada.

"Ba shi zuwa," in ji Jannatu daga bayan labule.

"Dibawa kawai za ni yi," in ji Labbo, yana neman hularsa.

Jannatu ta fito ta kama hannuna. "Yaya Mubina, bi shi don Allah. Bakinki kaɗai shika tsoro."

Muka ɗauki keke mai ƙafa uku har inda hanya ta ƙare, muka taka sauran. Ramin nan ne dai, an ma ƙara masa zurfi, bangonsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Ganyen shinkafa duk ya nannaɗe. Manoma suka buɗa masa hanya, wani har ya fara cewa, "Alhamdu lillahi, ga shi nan." Labbo ya tsaya a baki, ya leƙa. Ya tuɓe takalmi ɗaya. Ya tuɓe na biyu.

"Labbo," na ce, "in kas sauka, wallahi Argungu dut sai ta ji rami ya ka da ɗan masunta sau biyu."

Ko kallona bai yi ba. Ya zura ƙafa ɗaya a matakin farko. A nan na san bakina ya ƙare. Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana kallon injin nan kamar yadda uwa ke kallon ɗanta a hannun baƙuwa. Ban san abin da ya gani ba, bai kuma taɓa gaya mini ba. Sai ya janye ƙafar, ya zauna daɓas a bakin ramin.

"Atiku, sauka."

"Ni, Malam Labbo? Ai na gwada."

"Sauka nic ce. Kwance robag ga ta ƙasa, dut. Wa yaɗ ɗaure ta haka, kamar mai ɗaurin kallabi? Ja ta. Ja! Ba ka ci tuwo ba? To naɗe, kowane zagaye shi hau rabin na baya. Sa laka. Ba nan ba, ƙarƙashi, inda ido bai gani. Yanzu ɗura mai hal shi yi amai."

Atiku na aiki, Labbo na zagi, hannayensa a kan gwiwa suna naɗe robar da ba ta wurin. Da aka gama ya ce, "Ja igiya ka hito. Kak ka tsaya saurare, ba abin da za shi hwaɗa maka. Hito!"

Inji ya tashi, Atiku ya hauro da sauri. Muka yi cirko-cirko muna kallon bakin tiyo. Ya yi tari, ya tofar da laka, ya yi shiru har wani ya fara salati. Sai ga ruwa, fari tas, da ƙarfinsa. Fadama ta kaure da ihu, ana ta "Sai Labbo! Sai Labbo!" Atiku ya riƙe hannunsa biyu yana godiya, idonsa ya kawo ruwa. Labbo ya amsa sama-sama, ya sa takalmansa, ya ce mu tafi.

Muka biyo gefen gona, ni a gaba shi a baya, ina jin numfashinsa. Murna ta cika ni, har na shirya yadda zan ba Jannatu labari, da irin gishirin da zan ƙara. Sai na ji ya tsaya. Ya juya yana kallon ruwan da ke bin shinkafa can nesa.

"Mubina."

"Na'am."

"Ashe ko ba ni ciki, ruwan na zuwa." Ya ja numfashi. "Shekara da shekaru ina zaton ni shika jira."

Ina da amsoshi a bakina sun fi a ƙirga, kowace ta fi 'yar'uwarta yaji, kuma hakkina ne in faɗa. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na jira ya iso inda nake, na rage tafiyata daidai da tasa, muka ci gaba.